Direbobi, mu daina tura yara buɗe lagireto mota na tafasa

Assalamu alaikum Malam Edita,

Don Allah ka ɗan ba ni fili in yi magana da 'yan uwana direbobi, da masu motocin gida, har da fasinja ma don su ma da hannunsu a ciki. Ni direba ne, shekara 19 ina kan hanya, na fara da Golf layin Kano zuwa Katsina, daga baya na koma Sharon ina yin Kano zuwa Kaduna. Abin da ya sa na zauna nake wannan rubutu, makon da ya wuce ne a gosulon Kurna na ga wata bas ta tsaya a gefen titi tururi na tashi, direban yana tsaye can gefe yana amsa waya, wani ɗan yaro da bai fi shekara 15 ba ya naɗe hannunsa da tsumma yana shirin murɗa murfin lagireto. Wallahi ban san lokacin da na zuge gilashi na kwarma masa ihu ba, kai yaro kar ka taɓa! Direban ya juyo yana harara ta wai ina ruwana. Ina da ruwa mana, ni na san abin da ke bayan murfin nan, don na taɓa tura wani ya buɗe.

A azumin 2022 ne, wanda ya faɗo cikin watan Afrilu, ana tsakiyar zafi irin wanda kwalta ke narkewa. Na yi lodi daga Kano bayan azahar, mota cike, bayanta ma cike da buhuna har but ɗin ba ya rufuwa sai da igiya. Tare da ni akwai ɗan yayata, yaro ne da ya gama sakandare uwarsa ta ce in riƙa fita da shi ya koyi hanya maimakon zaman banza. Lokacin ana aikin hanyar, an haɗe masu zuwa da masu dawowa a hannu ɗaya, tafiya kaɗan tsayuwa kaɗan, ga tireloli a gaba. Tun daga Kwanar Dangora na ga allurar tamfareca ta wuce tsakiya, na gan ta da idona, ba zan ce ban gani ba, amma nace a raina bari dai mu kai Tashar Yari. Ba mu kai ba. Warin ruwan zafi ya fara shigowa, sai tururi ta gefen bonet, na gangara gefe na kashe.

To daga nan ne fa fasinja suka taso ni a gaba. Wannan yace direba dare zai yi mana a hanyar nan kuma ka san yadda take, wancan yace shi a Kaduna zai sha ruwa, wani Alhaji a gidan gaba yace ai ruwa kawai za ka ƙara mu wuce, shi motarsa kullum haka yake mata. Ni kuma ga azumi ga kunya, sai nace wa yaron ɗauko jarka ka buɗe ka zuba. Yace Kawu ba ta huce ba fa. Nace sa tsumma mana. Wannan kalmar har yau tana min yawo a kai. Ya sa tsumman, ya murɗa, ban ji komai ba sai wani fuuu kamar an fasa tayar tirela, murfin ya yi sama, ruwa da tururi suka wanke masa hannun dama tun daga yatsu har kafaɗa da gefen wuya. Allah ne ya sa ya kawar da kai, da fuskar ce gaba ɗaya da idanu.

Ina so mutane su gane dalilin da ya sa haka ke faruwa, don da yawanmu muna ɗauka ruwan lagireto kamar ruwan shayi ne a buta, in ka ɗaga murfi ɗan tururi ya fita shikenan. Ba haka ba ne. Ruwa a tukunya yana tafasa ne a digiri 100. Inji kuma lafiyayye yana aiki ne a wajen digiri 90, kaga ke nan dama can yana dab da tafasa. Murfin nan da muke rainawa ba murfi ba ne kawai, akwai sifirin a cikinsa da ke danne ruwan, yana riƙe matsi wajen ba 1 (ba, wato bar, shi ne ma'aunin matsi), shi ya sa za ka ga an rubuta 0.9 ko 1.1 a kan na Toyota da Honda. Wannan matsin shi ke hana ruwan tafasa sai ya kai kusan digiri 120. Wato lokacin da mota ta yi zafi, ruwan da ke ciki ya riga ya wuce zafin tafasa, murfin ne kaɗai ke riƙe da shi. Kana murɗawa matsin ya tafi, ruwan ya tafasa gaba ɗaya a lokaci guda, kuma ruwa in ya koma tururi girmansa na ninkuwa sama da sau 1,600, ina zai bi? Sai ta wannan ƙaramar ƙofar da hannunka da fuskarka suke kai. Tsumma ba ya tare wannan, sai ma ya jiƙe da tafasasshen ruwa ya manne a fata.

Kuma akwai kuskuren da masu Golf da Sharon da 406 ke yi. Su ba su da murfin ƙarfe a kan lagireto, robar nan da ake zuba ruwa ita ce mai matsin, sai mutum ya ga roba ce ya ɗauka irin 'yar robar gefe ce ta Corolla wadda ba ta da matsi. Irin wannan robar mai matsin ce ta ƙona ɗan yayata.

Bayan abin ya faru sai ga masana sun fito. Wani yace a shafa man goge baki, wani yace a fasa ɗanyen ƙwai, wani na neman gishiri, ni kaina har na buɗe but ina laluben galan ɗin baƙin mai don haka na taso na ga ana yi a gareji. Wata Hajiya da ke kujerar baya, wadda tun da muka taso ba ta ce uffan ba, ita ta daka mana tsawa. Ashe ma'aikaciyar jinya ce. Tace kar wanda ya shafa masa komai, a kawo ruwa. Muka sauke leda biyu ta fiya wata da wani fasinja ya saya na shan ruwa, muka riƙa fasawa ɗaya bayan ɗaya muna kwarara masa a hannu ba tsayawa, tace sai an yi minti 20 ana zubawa. Ta cire masa agogo da zobe tun kafin hannun ya kumbura, ta yanke hannun rigar da reza amma inda ya manne da fata tace a bar shi, ta hana a fasa ƙurajen ruwan da suka taso, tace ko da akwai ƙanƙara ba a sawa, ruwa mai sanyi na daidai ya isa. Ta rufe da wani tsaftataccen mayafi sama-sama, muka tare wata mota aka wuce da shi asibiti a Zariya. Likitan da ya duba shi yace ruwan nan da aka zuba da wuri ya taimaka sosai. Hajiya, in kina karanta wannan, ban san sunanki ba har yau, Allah ya saka miki da alheri ya jiƙan magabata.

Ya yi sati uku a kwance, ya yi Sallah a gadon asibiti. Da na je gaban yayata na kasa ɗaga kai, ita kuma ba ta ce min komai ba sai tace tsautsayi ne, ba ya wuce ranarsa. Na yarda da ƙaddara, amma ni na san ni na ce sa tsumma. Motar kuma, da yake na ja ta kilomitoci allura na sama, gasket ɗin da ke tsakanin kan inji da gangar jikinsa ya ƙone, kan injin ya lanƙwashe, sai janwe ne ya dawo da ita Kano. Kuɗin da na kashe a kan injin da na asibiti ya fi abin da nake samu a wata biyu, duk don ina gudun tsayuwar rabin awa. Fasinjan da ke ta azalzala ta kuwa kowa ya kama wata motar ya wuce.

Bayan haka na koma wajen maigidana wanda ya koya min tuƙi, tsohon bakanike ne, ya tsufa yanzu ba ya aiki sai dai ya zauna a benci yana kallon yara. Yace min, ai tun ran da na ba ka sitiyari na gaya maka idonka ɗaya a hanya ɗaya a allura. Ya sake karanta min karatun daga farko, kuma shi nake so in isar.

In ka ga allura ta fara hawa sama da inda ta saba tsayawa, kashe eyasi nan take, don eyasi nauyi ne a kan inji kuma zafinsa a gaban lagireto yake zubewa. Sai ka kunna hita har ƙarshe, fankar ciki ma har ƙarshe, ka zuge gilasai. Na san mutum zai ce a zafin Kano ko Sakkwato a kunna hita, hauka ake? Amma hitar nan wani ƙaramin lagireto ne a bayan dashbod, ruwan injin ne ke bi ta cikinsa, in ka kunna kana janye zafi ne daga inji. Gumi na minti biyar ya fi sayen inji. Matsalar dai yawancin motocinmu na haya an daɗe da toshe hanyar hitar, to in taka haka take ko kuma ka kunna ka ji iska mai sanyi ke fitowa, wanda alama ce ruwa ya yi ƙasa sosai, kar ka tsaya wani dabara, nemi gefe kawai. In allura ta taɓa ja, ko fitilar ja ta kama, ko ka ga tururi, ko ka ji inji na ƙara kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani kuma ƙarfinsa ya ragu, ba maganar bari in kai gari na gaba, kashe ta. Wani abin da ke yaudarar mutane, in ruwa ya tsiyaye gaba ɗaya wani lokacin allurar sai ta sauko, don abin da ke auna zafin ba ya cikin ruwa kuma, sai direba yace alhamdulillahi ta huce ya ƙara wuta, can sai inji ya buga.

Wajen tsayawar ma a kula. Ka sauka daga kwalta sosai, ba a kan kwana ba, ba a bayan tudu ba, ka sa dabul tirafiketa, ka ajiye alwatikan nan mai ja can nesa a baya ba a gindin bamba ba, fasinja su fito su koma can gefe nesa da titi. Mutane nawa ne motarsu ta lalace kawai amma tirela ta zo ta bi ta kansu suna tsaye a baya. In wurin ba shi da kyau ko akwai wanda ya ji ciwo, lambar 'yan Road Safety 122 ce, kyauta ake kira.

Sannan sai haƙuri, wanda shi ne ya fi mana wuya. In tururi na fita kar ka ma ɗaga bonet, bari ya lafa tukuna. In ya lafa ka ɗaga don iska ta shiga, amma hannunka da bakin rigarka su yi nesa da fanka, don ta lantarki tana iya tashi da kanta ko mota a kashe take. Ka ba ta aƙalla minti 30, a tsakiyar rana cikin bazara ma ta fi haka, ni yanzu sai na ba ta kusan awa. Yadda nake ganewa, ina taɓa babban hos na sama da bayan hannu, in zan iya riƙe shi, sannan in matsa shi, in ya yi tauri kamar tayar keke da aka cika da iska to har yanzu akwai matsi, in koma in zauna. Sai ya yi laushi. Ko a nan ɗin ma da tsumma mai kauri, fuska a gefe, ka murɗa kaɗan ka tsaya, in ka ji yana huci ka bar shi ya gama, sannan ka ƙarasa. Kuma kai direba kai za ka yi, ba yaro ba.

Sai maganar watsa ruwan sanyi, wannan kam a kowace tasha ana yi. Mota ta yi zafi sai a ɗauko bokiti a sheƙa wa inji, ko a buɗe a ɗura ruwan randa cikin injin da ya bushe yana ƙuna. Duk macen da ta taɓa zuba ruwan sanyi a kofin gilashi mai zafi ta san abin da ke biyowa baya. Kan injin motocin yanzu yawanci alminiyam ne, ba irin ƙarfen motocin da ba, zafi da sanyi na haɗuwa a kansa farat ɗaya sai ya lanƙwashe ko ya tsage. In ta huce ka zuba a hankali, ka tayar da ita tana sulo, ka ga ko ruwan zai sauka ka ƙara, ka rufe, sannan ka leƙa ƙasa. Ruwa ba ya ɓata haka kawai, in ya ragu to ta wani wuri ya fita, ko hos ya fashe, ko kilif ya saki, ko lagireto na yoyo, ko famfon ruwan ya fara zubarwa. In fambel ne ya tsinke a motar da shi ke juya famfon ruwa, ko ka cika ta da ruwa ba inda za ta. In ka ga farin hayaƙi mai kauri a salansa, ko ruwa na ɓulɓulo da kumfa a roba, ko ka zaro sandar baƙin mai ka ga ya koma kalar shayi mai madara, gasket ya tafi, nemi janwe kawai kar ka ƙara wa kanka asara.

Ina da magana kuma da 'yan uwanmu makanikai da masu rewaya, da girmamawa, don da su muke ci. Al'adar nan ta da an kawo mota 'yar Kwatano sai a ce cire tamostat, wato ɗan abin da ke buɗe wa ruwa hanya zuwa lagireto in inji ya ɗumama, wai na ƙasar sanyi ne, a haɗa fanka dairek, ni ma na yi shekaru ina yarda da ita. Tamostat ba ya sa mota zafi sai in ya lalace ya maƙale a rufe, in kuwa ya lalace sai a sa wani, ba a bar wurin fayau ba. Aikinsa ya riƙe injin a zafin da aka ƙera shi ya yi aiki. In babu shi, da sanyin safiya lokacin hunturu inji ba ya ɗumama da wuri, mota ta yi ta shan mai, ga fetur yadda ya koma tun 2023. Fanka dairek kuma tana juyawa ne ba hutu har ranar da za ta ƙone, kuma ba ta sallama in za ta mutu, sai a tsakiyar gosulo. Sau da yawa ainihin ciwon fis ne ko rile ko murfin da sifirinsa ya saki, ko lagireto ne ya toshe da laka da tsatsa, ko ƙurar hunturu da ledoji sun liƙe gabansa iska ba ta wucewa, amma sai a bar jaki a daki taiki.

Tsatsar nan kuma mu muke jawo ta da ruwan rijiya da na burtsatse da muke ɗurawa shekara da shekaru. Ka buɗe robar wata motar ka ga ruwan ja wur kamar na kududdufi. Kulan ɗin nan, wato ruwan lagireto na kanti mai kala, kore ko ja, ba ado ba ne, yana hana tsatsa yana kuma ɗaga zafin da ruwa ke tafasa. In a hanya ne ka maƙale, zuba ruwan da ka samu mai tsabta ka isa gida, ba laifi, amma in ka isa a wanke a zuba na kirki. Masu zuba garin kwaki ko ƙwai ko omo don toshe yoyo, na gani da idona an yanka lagireto an tarar da rabin hanyoyinsa a toshe da irin wannan. Kuma don Allah a ɓoye kulan daga yara, guba ne, yana da ɗan zaƙi-zaƙi ga kala kamar lemo, kar a zuba shi a robar lemo a ajiye a tsakar gida.

Ku kuma fasinja, ku ji tsoron Allah ku daina matsa wa direba in mota ta yi zafi. Na san hanya ba daɗi, na san kowa na tsoron dare, ni ma ina tsoro. Amma in kun ga direba zai tura yaro ku hana shi, ko da zai ji haushi. Yaran motan nan ba su da bakin cewa a'a, in maigida yace buɗe sai su buɗe, ɗan yayata ma da yake jinina ya faɗa min sau ɗaya ne ya yi shiru. Ku je kowace babbar tasha ku kalli hannayen kwandastoci da yaran gareji, za ku ga masu tabon fari-fari a damtse, ku tambaye su daga ina.

Roƙona ga shugabannin ƙungiyar direbobi ta NURTW na tashoshinmu da jami'an Road Safety, in ana taron wayar da kan direbobi ana maganar gudu da taya da lodi fiye da kima, a ƙara da wannan, minti biyar ya isa a nuna murfin a yi bayani. Masu makarantun koyon tuƙi ma su nuna wa ɗalibai allurar nan, akwai masu lasisi da yawa da ba su san me C da H, wato sanyi da zafi, ke nufi a dashbod ba, musamman masu sabuwar mota da iyayenmu mata da ke kai yara makaranta. Gidajen rediyo kuma da direbobi ke saurare tun asuba su taimaka, tun kafin watan Maris ya kama zafi ya haura digiri 40.

Yaron ya warke alhamdulillahi, hannun na aiki, sai dai tabon na nan har wuya kuma ko ana zafi doguwar riga yake sawa. Bai koma hanya ba, yanzu yana koyon rewaya a Kofar Ruwa. Ni kuma kullum da asuba kafin in tayar da mota, tana sanyi, sai na duba ruwa da baƙin mai na matsa hos, akwai jarka mai lita 10 a but da ba na taɓawa sai don wannan, kuma tun a tasha nake gaya wa fasinja in ta yi zafi za mu tsaya har ta huce, wanda ba zai iya jira ba ga kuɗinsa.

Na gode Malam Edita, Allah ya ƙara wa jarida ɗaukaka.

Naku,
Wani direban Kano zuwa Kaduna,
daga Rijiyar Lemo, Kano.